Inda Buhu Yake Kaiwa

Saura kaɗan Milka ta fasa rubuta takardar. Sau biyu tana yago shafi daga tsohon littafin lissafin ƙanwarta, sau biyu tana cusa shi a murhu. A karo na uku ta zauna a bayan rumbu inda babu mai ganinta, ta ɗora takardar a kan gwiwa, ta yi layi bakwai da irin rubutun da ta tsaya a kansa tun aji huɗu na firamare, manyan baƙaƙe masu jingina da juna. Ta ninke ta, ta soke a bakin zani, ta ɗauki wuƙarta ta tsaga citta, ta kama hanyar cikin gari.

Ranar Laraba ce, cikin watan Disamba na 1994. Maganar kuwa tun ranar Lahadi ta faro, bayan an taso daga coci.

A ranar ne Malam Rufus, mai koyar da lissafi a makarantar su Bernice, ƙanwar Milka, ya biyo su har gida. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro. Bernice ta fito da fom ɗin JAMB a cikin leda, ta zauna gefe. Milka ta kawo ruwa, ta koma bakin madafa tana gyaran wake, tana jin duk abin da ake faɗa.

"Baba, yarinyar nan tana da kai," in ji Malam Rufus. "Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban riƙe irinta ba. Kwamfuta take so ta karanta."

Baba Zamani ya yi shekara talatin yana juya wa jirgin ƙasa hanya a tashar Kafanchan kafin ya ajiye aiki, kuma har yanzu ba ya amsa magana sai ya dube ta gaba da baya.

"Kwamfuta," ya ce. "Ba ita ce wannan tafireta mai gilashi da ke shagon kusa da banki ba? Yarinyar da ke buga ta, wata shida ta yi ta iya. Yanzu sai mutum ya yi shekara huɗu a jami'a don ya koyi buga wasiƙa?"

"Waccan bugawa kawai take yi, Baba. Bernice za ta koyi yadda ake tsara wa injin aikin da zai yi. Kamar mai sayar da tikiti ne da wanda ya shimfiɗa layin dogon."

Wannan ta shiga kunnen Baba. Ya gyara zama.

Malam Rufus ya jera masa makarantu uku. Akwai Zariya, inda ake haɗa lissafi da kwamfuta. Kusa ce, kuma Kawu Leonard, ƙanin marigayiya mahaifiyar yaran, yana zaune a Samaru, ba za a rasa ɗaki da tuwo ba. Akwai Bauchi, amma can shekara biyar ake yi, kuma ba su da kowa. Sai Legas.

"Ni a Zariya na yi karatu, ba zan zage ta ba," in ji shi. "Makaranta ce ta gaske. Amma gaskiya ɗaya ce, injin nan yana inda bankuna da kamfanoni suke. Ɗalibin Legas tun yana aji biyu yake samun wurin da zai taɓa aiki lokacin hutu, kafin ya gama sun san fuskarsa. Wanda ya gama a nan kusa, in bai yi sa'a ba, alli zai riƙe kamar ni. Kuɗin makarantar ba wani bambanci sosai, duka na gwamnatin tarayya ne. Ciki da hanya su ne tsadar."

"To ka faɗe ta da bakinka," in ji Baba. "Ciki."

A unguwarsu ba a tura ɗalibi makaranta da kuɗin abinci, don ba a da shi. Buhu ake tura masa. Duk ƙarshen wata uwa ko yaya za ta haɗa acca, da wake, da garin masara, da daddawa, da galan ƙarami na manja, a ɗinke baki, a rubuta suna da gawayi ko biro, a kai tasha a ba direban da aka sani. Da haka 'ya'yan manoma da 'yan fansho suka yi digiri a Zariya da Jos. Kafin a tambayi abin da makaranta ke koyarwa, sai an tambayi wane direba ke bin hanyarta.

"Motar Zariya kullum tana tashi, kuma na san direbobinta da iyayensu," in ji Baba. "Legas wa na sani? Ɗan Ayuba da ya tafi Fatakwal, wata biyar ya yi ya dawo, wandonsa igiya ke riƙe da shi. Ba zan tura 'yata inda buhuna ba zai kai ba. Ta sa Zariya farko. Legas ɗin a sa ta ta biyu, in rai ya so."

"Baba, ta biyun suna ce kawai," in ji Bernice. "Wanda ka sa shi baya, shi ma baya zai sa ka."

"To ya sa ki."

Bernice ta mayar da fom ɗin cikin leda a hankali, kamar mai naɗe rigar da aka aro. Ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Milka ta kwana uku tana juya abin. Shekara huɗu ke nan tana tsaga citta a gidan Alhaji Mijinyawa, kuma da idonta take ganin manyan motocinsa suna lodi suna tafiya. Ta sha jin direbobi suna ambaton Apapa, tashar jiragen ruwa ta Legas. Tambaya ɗaya ce kawai za a yi. Amma Baba ba zai yi ta ba. Tun rikicin da aka yi a garin, gaisuwa daga nesa ce tsakaninsa da mutanen cikin gari. Ita kuwa, a shekara huɗun nan, abin da ya taɓa haɗa ta da Alhaji bai wuce "ina kwana" ba, shi ma a ƙasa-ƙasa. Tun tana yarinya haka take: in idanu suka yi mata yawa sai harshenta ya yi nauyi, gumi ya keto mata. Shi ya sa ta ga gara takarda ta yi magana a madadinta.

Ta tarar da mata sun riga sun zauna a tsakar gida, kowace da tarin citta a gabanta. Yajin ya cika wurin. Ana tsaga kowace saiwa biyu, a watsa a daro, a kai fili a shanya.

"Ga Rediyon Kaduna ta iso," wata ta ce. "A rage surutu, za a karanta labaran duniya."

Aka yi dariya. Milka ta yi murmushi kamar kullum, ta zauna. Ta yi aiki har rana ta take, takardar na nan a bakin zaninta tana jiƙewa da gumi. Sai da aka tashi cin abinci, ta ga Hajiya A'i, matar Alhaji, wadda ke kula da masu tsaga, ta shiga rumfa ita kaɗai. Ta bi ta, ta durƙusa, ta miƙa mata da hannu biyu.

"Mene ne wannan, 'yar Zamani? Aure za ki yi?"

Milka ta girgiza kai. "Alhaji za a ba."

Hajiya ta warware takardar, ta dube ta, ta juya ta sama ta koma ƙasa.

"Ni bokon nan ban san kansa da ƙafarsa ba. Da da ajami kika yi, da tuni na karanta. Alhajin ma haka, lamba kawai yake ganewa. Akawunsa kuma ya tafi Kachia sai jibi. Abin gaggawa ne?"

"Juma'a za a rufe."

"To tashi mu je, ki karanta masa da bakinki."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Milka ta shige. Ta so ta ce a bari, amma Hajiya ta riga ta kama ta a wuyan hannu.

Alhaji Mijinyawa yana zaure kusa da sikeli, ana ɗora buhuna yana dubawa. Gefensa direbansa ne, Saifullahi, yana cin rake, da masu dako uku. Duk suka juyo.

"Alhaji, Milka ta kawo maka wasiƙa," in ji Hajiya. "Ita ta rubuta, ita za ta karanta."

"Wace Milka?"

"Shekara huɗu tana yi maka aiki."

"Au, wannan da ba ta magana? To bismillah."

Milka ta durƙusa. Ta karɓi takardar daga hannun Hajiya. Ta fara, ba wanda ya ji.

"Da tururuwa kike magana?" in ji Saifullahi.

"Kai, bar ta," in ji Hajiya. "Ke kuma kwantar da hankalinki, ba kotu ba ce."

Ta sake farawa, idonta a kan baƙaƙen, tana bin su da yatsa.

"Alhaji, gaisuwa mai yawa. Ni ce Milka Zamani mai tsaga citta. Ƙanwata Bernice tana so ta yi karatu a Legas. Babanmu ya ce abinci ba zai kai ba. Ina roƙo ko motarka za ta riƙa ɗaukar mata buhu ɗaya idan za ta tafi. Ba mai nauyi ba. Idan ba zai yiwu ba babu komai, amma kada a gaya wa babanmu."

"Ba mai nauyi ba," in ji Saifullahi. "Duk wanda ya ce haka, doya ce a ciki."

Masu dako suka tuntsire. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗan dube ta.

"Wane Zamani? Na reluwe, mai jan tuta?"

"Shi."

"Allah sarki. Lokacin da jirgi ke ɗaukar mana kaya, shi ke gaya mini wagunun da ba sa yoyo. A zauren nan yake shan fura. Yanzu sai dai mu ɗaga wa juna hannu." Ya sake duban Milka. "Me za ta karanta?"

"Kwamfuta."

"Wannan akwatin? Na san shi. Kamfanin da nake kai wa citta a Apapa, da akawu uku ne da manyan littattafai. Bara da na je, babu ko ɗaya. Wata yarinya ce zaune gaban akwatin nan, ba ta fi ki shekaru ba. Ni da gemuna na tsaya ina jira ta danna. Manajan ma jira yake yi." Ya juya wajen direban. "Saifullahi, daga Apapa zuwa jami'a akwai nisa?"

"In ba cunkoso, babu. In da cunkoso, gara a dawo Kafanchan. Amma ita za ta zo garejin ta ɗauka, ni ba zan shiga makaranta da tirela ina cigiyar wata Banis ba."

"Ka ji shi. Buhu ɗaya ba zai karya mota ba. Na yarda."

Milka ta buɗe baki za ta yi godiya, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ban gama ba, kada in yaudare ki. Motata citta take bi. Daga yanzu zuwa farkon damina, duk mako biyu tana hanya. Da ruwa ya sauka, shi ke nan, sai wata shekara. Rabin shekara ƙanwarki ba iska za ta ci ba."

Abin da ya fara tasowa a ƙirjin Milka ya koma ya kwanta. Ta sunkuyar da kai. Alhaji ya sosa gemu, ya dubi Hajiya ta wutsiyar ido, kamar mai shirin faɗin abin da zai jawo masa faɗa.

"Akwai dai masu tafiya rani da damina, duk ranar Alhamis. Mutanen kasuwar Katsit."

"A'uzubillahi. Alhaji, motar aladu?"

"Ni hanya na nuna, Hajiya, ban ce zan hau ba. Su 'yan'uwansu ne, cocinsu ɗaya da wasunsu. Ana ɗora kaya a saman kan mota, ba a cikin dabbobin ba. In an samu direba mai amana, rani nawa, damina tasa." Ya koma kan sikelinsa. "Ki gai da babanki. Au, kin ce kada ya sani. To kada ki gaishe shi."

Da suka koma tsakar gida, Hajiya A'i ba ta tafi ɗaki ba. Ta jawo kujera kusa da Milka, ta ɗauki wuƙa tana taya ta tsaga, abin da ba ta saba yi ba.

"Ku biyu ne mata a gidan?"

"Mu biyu ne duka."

"Kin san abin da kike nema wa kanki? Ɗana Irfan, da ya tafi Legas cewa ya yi shekara biyu. Bana shekara shida. Yana aiko da atamfa, yana aiko da hoto. Jikata sau ɗaya na ɗauke ta. Ba mugun yaro ba ne, garin ne haka. In ya ba mutum aiki, ba ya sakinsa. Na Zariya kuwa, ko zazzaɓi kika yi, kafin la'asar ya iso." Ta jefa citta a daro. "Ban ce kada ki yi ba. Na ce ki sani."

Milka ta ci gaba da tsaga. Yajin cittar ya shiga wata tsohuwar yanka a babban yatsanta, ba ta tsaya ba.

Ba ta taɓa tunanin abin ta wannan gefen ba. Tun rasuwar mahaifiyarsu, da aka cire ta daga makaranta ta riƙe gida, Bernice ce bakinta. Ita ke yi mata ciniki a kasuwa, ita ke amsa wa baƙi, ita ke rama mata in an tsokane ta. A duniya akwai mutum ɗaya tak da ya san Milka tana da ban dariya, tana iya kwaikwayon tafiyar fasto da tarin Baba, kuma wannan mutumin ne take ƙoƙarin ɗorawa a mota zuwa bakin teku.

Da yamma ta iso gida ta tarar Bernice ta riga ta ɗora tuwo. Baba yana kan kujerarsa ta katako yana gyaran fartanya, fuskarsa a sake.

"Yaya, zo ki gani," in ji Bernice. Ta goge hannu, ta zaro fom ɗin daga leda. Ta cike shi tsaf da fensir, kowane ɗan akwati ta yi masa baƙi daidai, babu wanda ya fita layi. "Na gama. Zariya. Gobe da safe zan kai wa Malam Rufus, ba sai Juma'a ba."

"Yarinya ta yi hankali," in ji Baba.

"Ai ko na sa Legas ba lallai su ɗauke ni ba," in ji Bernice. "Duk ƙasar nan can ake rububi. In sun ƙi ni, na yi asarar shekara. A Zariya kuwa 'yar jiha ce ni. Kuma Kawu Leonard yana da firji."

"Firjin za ki karanta?" in ji Baba.

Suka yi dariya su biyu. Milka ta karɓi muciya ta ƙarasa tuƙin.

Maganar tana bakinta. Da ta zuba wa Baba miya tana nan, da suka yi addu'a suka fara ci tana nan. Ba wanda ya san ta je wurin Alhaji, kuma ta roƙa kada a faɗa. In ta yi shiru, abin da ta fi kowa iyawa, gobe fom zai tafi, kowa ya huta. Bernice za ta riƙa zuwa duk ƙarshen wata da kayan wanki da labarai. Ba wanda zai ce Milka ta yi laifi. Rabin hanya ma ta samo, ba duka ba. In ta kawo wa Baba rabin hanya, da kalma ɗaya zai rushe ta.

Bayan cin abinci suka kwashi kwanuka zuwa bakin rijiya, da sauran haske. Bernice tana ta zuba.

"In na gama, ko koyarwa ce sai in yi. A tura ni Gidan Waya ko Zonkwa, kullum ina gida. In saya miki keken ɗinki, ki bar cittar nan da ke cin hannunki. Ai koyarwa ba abin kunya ba ne. Dubi Malam Rufus, kowa na girmama shi." Ta ɗan tsaya. "Ya ce wai a can akwai ɗaki guda cike da injin, ɗalibai na shiga har su gaji. Wa ya sani ma ko gaskiya ne. Mutane da ƙari."

Milka tana ɗauraya, tana kallon hannun ƙanwarta. Tukunyar tuwon ta fita tun tuni, har tana ƙyalli, amma Bernice ta sake zuba mata toka tana dirza. Ta ɗauraye, ta duba, ta sake zuba toka.

"Za ki huda ta," in ji Milka.

Bernice ta yi dariya, ta ajiye tukunyar, ta juya baya tana share ido da gefen hannu.

"Tokar nan ce," ta ce.

Washegari Alhamis, Milka ta tashi tun kafin Baba ya fito. Ta share tsakar gida, ta ɗora ruwan kunu, ta ɗaura zaninta na zuwa coci. Ba ta ɗauki wuƙa ba. Bernice ta fito da kayan makaranta, ledar a hammata.

"Kada ki kai fom ɗin nan sai na dawo."

"Me ya faru?"

"Na ce ki jira ni. Ai sai gobe za a rufe."

"Yaya, ina za ki da zanin Lahadi?"

Milka ta fita ta bi titi da ƙafa, ta wuce kwanar cikin gari ba ta shiga ba. Tun daga nesa ta fara jin kukan dabbobin da warinsu. Kasuwar Katsit ta riga ta cika: manoma da igiyoyi, dillalai suna ihu da harsuna uku, mata masu sayar da abinci. Can ƙarshen fili manyan motoci ne a jere, an yi musu bene da katako.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta abin da aka rubuta a jikinsu, har ta iso wadda ta ga an sa Legas. Wani ƙaton mutum mai singileti yana tsaye a kan taya yana ɗaure igiya, yana zagin masu lodi. Mutum kusan goma ne a wurin. Gumi ya keto mata. Ta tsaya a gabansa, ta gaishe shi.

"Me kika ce?" Ya sa hannu a bayan kunne. "'Yar'uwa, aladu na kuka, ɗaga murya."

Milka ta matsa kusa da motar, ta ɗaga kai.

"Na ce, da damina ma kana zuwa Legas?"